Katakon da Bai Mutu Ba

Litinin, da hantsi

Ɗan Tsoho mai zane, ɗansa na cikinsa, ya zo tun ban gama karyawa ba. Ɗan Ofis nake ce masa, don ko gaisuwar mutuwa ya je sai ka ga biro a aljihun gabansa. Ya ɗosana a bakin kujera kamar za ta cije shi, ya gaishe ni sau biyu, ya tambayi kasuwar labule, sannan ya shiga bin bangon falona da ido.

Bangon kuwa ya isa kallo, ba cika baki ba. Sa'o'ina suna tara gwal, ni hoto nake tarawa, kuma har yau ba a taɓa fizge mini ko ɗaya a titi ba. Akwai zanen fenti na hannun mutum biyar, kowanne shi kaɗai ne a duniya. Sauran duk bugun Tsoho ne. Shi a jikin katako yake sassaƙa hotonsa, ya shafa tawada, ya danna takarda a kai. Inda ya bari ya fito baƙi, inda ya sassaƙe ya fito fari. Goma sha biyu yake bugawa, ko uban wa ya roƙa ba ya ƙara ɗaya, kuma kowanne da lambarsa da fensir a ƙasa. In ya ɗaga na ƙarshe sai ya ɗauki wuƙar sassaƙarsa ya keta katakon daga kusurwa zuwa kusurwa, a gaban wanda ya sayi na goma sha biyun, ya miƙa masa. Kashe katako yake ce wa wannan. Ni kuma ban taɓa sayen wata lamba ba sai ta ƙarshe, shi ya sa kowane hotonsa a bangona yana da gawarsa rataye a ƙarƙashi.

"Hajiya," in ji Ɗan Ofis, "an ce akwai guda da Baba bai kashe ba."

Na ce, "Wa ya ce?"

"Na duba ɗakin aikinsa kaf ban gan shi ba. Na hoton nan da ya sa wa suna Taga."

Na ce shayinsa zai huce.

Ya sha, ya yi godiya, ya tafi. Yaron yana da tarbiyya, matsalar ke nan. Da marar kunya ne da tuni na gama da shi.

Katakon yana wurina mana. Ranar da aka buga na ƙarshe hannun Tsoho yana ɗan rawa, ya ce gajiya ce. Ya naɗe katakon da wuƙar a tsumma ya ce in tafi da su, ranar Juma'a zai zo ya kashe shi a falona, in tanadi shayi. Na tanada. Juma'ar ta zo. Sauran ba sai na rubuta ba.

Litinin, da yamma

Auta, ƙanwata, za ta asibiti dubiyar Tsoho, ta ce ko zan bi ta. Ban je ba. Kasuwa.

Laraba, bayan azahar

Yau na ga wanda ya ce. Dillalin hotunan nan ne da muke kira Turare, wanda ƙamshinsa ke riga shi shiga layi. Ina auna wa wata amarya labule na ji hancina ya toshe, na ce a raina ga shi nan tafe.

"Ranki ya daɗe, uwar masu ido! Allah ya bar mana ke."

"Turare, in labule ne zauna. In ba shi ba ne tsaya, ka fi saurin tafiya."

Ya zauna. Ya ce shi da Ɗan Ofis sun yi magana. Wai katako mai rai dukiya ce a kwance. Wai akwai mai inji da zai fitar da ɗaruruwa daga jikinsa kafin ya gaji, a kai otal-otal, bankuna, ɗakunan jiran likita, har nan layinmu wurin masu firam. Wai ta haka za a ji da jinyar Malam, wato Tsoho.

Na ce bugun inji ai ba ya ɓuya. Na hannu in ka shafa bayan takardar za ka ji inda katako ya cije ta, kuma ba biyu da baƙinsu ya zo ɗaya. Ya ce wa ke shafa bayan hoto a otal?

Na ce, "Lambar fa? An rubuta goma sha biyu a ƙasan kowanne."

"Fensir ne fa, Hajiya. Fensir kowa yana da shi."

Ka ji ɗan kasuwa. Ni ma 'yar kasuwa ce, na san yadda ake yi wa yadi kwalliya da baki har mai saye ya ga launin da babu. Amma mutum goma sha ɗaya sun ɗauki takarda sun tafi da ita garuruwansu a kan maganar Tsoho, cewa daga su sai mutum ɗaya. Ni ce ɗayan. Haka na faɗa masa.

Sai ya zaro waya. Ashe wani cikin sha ɗayan ya ɗora nasa a intanet, shi kuma ya kwafo. Ya sa yatsu biyu ya buɗe hoton, ba duka ba, wuri ɗaya, har ya cika gilashin. Ya dubi wayar, ya dubi hannuna a kan yadi, ya sake duban wayar.

"Malam akwai ido," ya ce. "Komai ƙanƙantar abu ba ya wuce shi."

Na ce wa amarya ta riƙe bakin yadin. Na mai da hannuna cikin mayafi, don fankar shagon nan ta cika sanyi.

Alhamis, da safe

Bari in rubuta yadda Taga yake, ko na ga abin da suke ta haƙilo a kai. Ba ya falo. Yana ɗakina, bayan ƙofa. Wata mata ce zaune ta ba da baya, tana fuskantar taga. Ta cire ɗankwali ta ajiye a cinya, kanta a tsefe, furfura ta ci rabi. Ta ɗaga hannu ɗaya ta dafa ƙeya, irin na wadda ta wuni a tsaye. Ba a ganin fuskarta, don haka ba kowa ba ce. Tagar dai ta ɗakin aikin Tsoho ce, duk wanda ya taɓa shiga zai gane ƙarfen nan da ya karkace. Ƙaramin yatsan matar a lanƙwashe yake kamar ƙugiya.

Mata nawa ne a duniya masu lanƙwasasshen yatsa? Da yawa. Ba ni kaɗai ƙofar shago ta taɓa datsewa ba. Don 'yan layinmu suna ce mini Hajiya Ƙugiya, ba shi zai sa duk ƙugiyar duniya ta zama tawa ba.

Sharaɗi ɗaya aka yi da Tsoho kafin ya sa wuƙa: ko ɗaya ba zai kwana a garin nan ba sai na ƙarshe. Ya cika. Yanzu ana so a rataye matar a banki, kai ba ɗankwali, surukan 'yata suna kan layi suna kallo.

Sai dai bayan raina.

Alhamis, da yamma

Da aka tashi kasuwa na sa Auta ta ja ƙofa. Kowane bandir na labule a kan falanki ake naɗo shi. Kowa ya san wannan, ba dai mai tunawa. Na sauko da bandir ɗin nan ruwan ɗorawa mai manyan furanni shuɗi, wanda ya yi shekaru yana hararar mutane daga saman kanta ba wanda ya ko taya. Muka warware shi, na zare falankinsa, na lulluɓe fuskar katakon Tsoho da farin ƙyalle, muka naɗe shi a ciki, muka mayar sama. Wuƙar tana jakata.

Auta ta ce, "Yaya, wannan yadin ko ɓarawo ne ya shigo sai ya bar mana shi, ya ɗora sadaka a kai."

Shi ya sa.

Asabar

Sun sake zuwa dubiya. Ban je ba. Kowa ya san yadda Asabar take a layinmu.

Lahadi, da rana

Auta ta zo ta tsefe mini kai. Tana tsaye a bayana iska ta turo ƙofar ɗaki ta rufe, hoton ya fuskance mu. Na ji hannunta ya tsaya cikin gashina.

"Yaya."

"Ci gaba da aikinki."

"Yaya, yaushe?"

"Na ce ci gaba."

Ta ci gaba. Can ta ce da ita ce da tuni ta huta. Wuƙa tana jakata, katako yana shagona, me nake jira? In keta shi da kaina, in ce haka ya ba ni shi.

Na ce ba a yi. Wanda ya ba katako rai shi ke kashe shi. In wani ya yi ɓarna ce kawai, kamar yaro ya yaga littafi. Kuma ketar Tsoho ba ta ɓuya. Daga sama ta hagu yake farawa, ya ɗan tsaya a tsakiya kamar mai neman gafara, sannan ya sauke. Duk gawawwakin bangona haka suke, ta je ta duba.

"To ki kai masa mana, ya keta."

Na ce tana ja mini gashi.

"Hannun daman ne dai ba ya..."

Na ce ban tambaye ta ba.

Da ta tafi na biya shago, ba kowa a layin. Na sauko da bandir ɗin, na ciro wuƙar, na zauna. Ban ko warware shi ba. Ba tsoro ba ne. Warware yadi mutum ɗaya wahala ne.

Talata, da hantsi

Ɗan Ofis ya dawo, wannan karon bai karɓi shayi ba. Ya rame. Rigar da ya kwana da ita ce a jikinsa, kuma ba biro.

Na riga shi magana. Na nuna masa babban zanen fentin nan na masu jiran mota cikin ruwan sama, wanda Turare ya yi shekaru yana zaga shi yana haɗiyar yawu. Na ce ya ɗauka. Ya ɗauki biyu ma, har uku. A sayar, a yi jinya, ba wanda zai ji daga bakina.

"Hajiya, ba roƙo na zo ba. Kayan mahaifina na zo karɓa."

"Mahaifinka ya ce goma sha biyu."

"Mahaifina ba ya cewa komai yanzu."

A hankali ya faɗe ta, yana kallon ƙasa. Na tashi na gyara wani firam da bai karkace ba.

Ya ce shi bai san zane ba, bai taɓa ganewa ba. Tun yana yaro abin da ya sani gidansu warin tawada yake yi, kuma ba a taɓa komai. Abin da ya sani yanzu shi ne magani, da masu gashin ƙashi, da keken marasa lafiya. Ya ce gawa ake ba mai lamba ta ƙarshe, ba mai rai ba. Tunda ba a kashe shi ba, bai zama nawa ba.

Wa ya koya masa wannan? Kuma gaskiya ce. Ba abin da na tsana irin gaskiya in tana ƙamshin Turare.

Ya ce in ban ba shi ba zai kai ƙara, ba don yana so ba. Na ce ya gaishe su.

A bakin ƙofa ya juyo. "Duk wanda ya shiga wurinsa sai ya kalli bayan mutumin, ya ga ko akwai wani. Ban san wa yake jira ba."

Na ce Allah ya ba shi lafiya. Abin da ake cewa ke nan.

Laraba

Ban je ba.

Juma'a, da hantsi

Sun zo: Ɗan Ofis, da wani ɗan sanda mai tumbi, da Turare a baya yana cika mini falo da ƙamshi. Na sakar musu fuska. Na ce Yallaɓai ya duba ko'ina, har cikin tukunya.

Yallaɓai ya tsaya gaban bango ya cire hula. "Hajiya, wa ya lalata miki duk waɗannan katakai? Wannan ai ita ce ƙarar da ya kamata a kawo."

Na ce mai su ne.

"Da gangan?"

"Da gangan."

"Kuma kika karɓa?"

"Har da godiya."

Ya dubi Ɗan Ofis. "To kai wanda ba a lalata ba kake nema, ita kuma so take a lalata shi?" Ya mai da hularsa. Ya ce shi a aikinsa wanda ya ɓata kaya ake kamawa, wannan bai san ta ina zai kama ta ba.

Sun ɗaga gawa ɗaya bayan ɗaya suna duba bayanta. Sun leƙa ƙarƙashin gado. Turare ya nufi bayan ƙofar ɗakina, na ce nan kayan mata ne a rataye, in yana so in sauko masa da su ɗaya-ɗaya a gaban hukuma. Ya dawo.

Daga nan sai shago. Turare da kansa ya jingina da kantar, bandir ɗin yana saman kansa, yana ta ba da umarni a duba ƙarƙashin tebur. Da ya faɗo masa a ka da na ce ikon Allah ne. Kafin su tafi Yallaɓai ya zaɓi labulen ɗakin matarsa, na yi masa ragi.

Na ci wannan. Na dawo gida na kasa cin abinci, ban san dalili ba.

Juma'a, da yamma

'Yata ta bugo. Wai surukarta ta ji an kawo ɗan sanda gidana, tana tambaya ko lafiya. Na ce ta gaya mata labule ya zo saya, in ita ma tana so akwai sabbi.

"Mama, wai a kan wani hoto ne?"

Na ce layin ba ya da kyau.

Asabar, bayan la'asar

Shekaru ba wanda ya kalli yadin nan. Yau na fita salla, Auta ta je sayo ruwa, muka bar wa maƙwabcinmu Mai Firam tsaron shago. Shi ke yi wa duk hotunana firam. Na dawo na tarar da bandir ɗin a kan tebur, wata mai makarantar yara tana shafa shi tana cewa shi take nema, yara suna son launi mai ihu. Duka take so, yanzu, mota na jira.

Na ce an saya.

Mai Firam ya ce, "Hajjaju, wa ya saya? Makaho?"

Na ce yana zuba. Ta ce ai ba wanke shi za ta yi ba. Na ce ɓera ya yi fitsari a ciki. Ta sunkuya ta shinshina, ta ce ita ba ta ji komai ba sai wani wari kamar na tawada. Na ce to shi ne, ɓerayen layin nan 'yan boko ne.

Ta tafi tana cewa ba ta taɓa ganin mai shagon da ke zagin kayanta ba. Mai Firam ya ɗaga bandir ɗin zai mayar, sai ya tsaya, ya auna shi a hannu, ya dube ni. Shekara nawa yana rataye mini gawawwakin Tsoho, ya san nauyin katakonsa.

"Hajjaju," ya ce ƙasa-ƙasa, "nan ba wurin zamansa ba ne. An sallamo mai shi jiya, yana gida."

Na ce ya je ya ji da gilasansa.

Lahadi

Ban je ba. Ba kasuwa ma yau. Ban dai je ba.

Litinin, da yamma

Na tsaya bayan ƙofa na daɗe ina kallon matar nan. Ba ta da kunya, ta zauna abinta kamar ɗakin nata ne. Sau biyu mai ɗakin ya ce mata ta zauna ɗin gaba ɗaya, ta kwaso kayanta, tunda shi ma shi kaɗai ne kamar ita. Sau biyu ta ce ita da aure an gama, shago ya ishe ta miji. Bakinta ya fi wuƙar kaifi. Ban san me take tsoro ba, a gan ta a banki, ko ta ga hannun da ya sassaƙa ta a kwance kamar ba nasa ba.

Na kai wuƙar wurin mai wasa mana almakashi.

Laraba, da yamma

Na je.

Na sa bandir ɗin a tasi, direba yana tambaya ko biki za a yi. Ɗan Ofis ne ya buɗe ƙofa. Ya dubi yadin, ya dube ni, bai gane ba. Na ce ya matsa, da nauyi.

A ɗakin aikin aka sa masa gado, don ya ƙi kowane ɗaki, da ido. Yana jingine da filo kusa da tagar. Ba zan rubuta yadda ya koma ba. Ya kalle ni. Bai kalli bayana ba.

Na ce, "Tsoho, ka ce Juma'a. Shayi ya huce."

Rabin bakinsa ya motsa.

Na miƙa wa Ɗan Ofis bakin yadin na ce ya ja. Ya ja, ya ja, furanni shuɗi suka cika ɗakin, suka hau kujera, suka rufe gwangwanayen tawada. Wani sauti ya fito daga ƙirjin Tsoho, yaron ya saki yadin ya yi kansa a guje. Ni kuwa na san dariya ce. Ya sha gaya mini yadin nan laifi ne a sayar da shi, laifi ne a ajiye shi.

Katakon ya fito. Na ɗora masa a cinya, na sa wuƙar a hannunsa na hagu, na naɗe yatsunsa a kai. Na ce wa ɗan, "Ga kayan mahaifinka a hannun mahaifinka. Abin da ya yi da shi, ni da kai mun karɓa." Ya ce ya yarda. Na ja baya. Na san na ci. Daga sama ta hagu, ɗan tsayawa a tsakiya, a sauke.

Bai kai wuƙar kusurwa ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ja ta a hankali, tana rawa, har kan ƙeyar matar, inda hannunta yake.

Na ce, "Kusurwa, Tsoho. Sama."

Bai ko ɗago ba. Ya kafa bakin wuƙar a gindin ƙaramin yatsan ya tura. Ta zame. Ya sake. Ta sake zamewa. Gumi ya keto masa, ɗan ya matso zai taimaka, na riƙe masa riga. Ban san a karo na nawa ba ne, wani ɗan guntu ya yi tsalle ya faɗa kan gado.

Ya saki wuƙar. Ya sa gwiwar hannu ya tura katakon kaɗan-kaɗan har ya taɓa cikin ɗansa.

Na ce, "Wannan ba kisa ba ne! Goma sha biyu ka ce!"

Ya kalli hannuna. Na duba, ashe ba ya cikin mayafi.

Ɗan Ofis ya ɗaga katakon zuwa haske, shi da ya ce bai san zane ba. Ya daɗe. Ya ce, "Hajiya, goma sha biyun suna nan yadda ya ce. Wannan wata matar ce daban." Bai kalli hannuna ba ko sau ɗaya. Na ce yaron yana da tarbiyya.

Na lalubo guntun a cikin zanin gado. Kamar yankan farce, baƙi a gefe ɗaya. Na ƙulle shi a bakin mayafi. Na ce wa Tsoho ya cuce ni, ya hana ni gawata. Na ce yadin kuma na bar masa, a yi masa labule da shi ya riƙa gani kullum, hukuncinsa ke nan.

Alhamis

Ban buɗe shago ba. Mura ce.

Asabar, da hantsi

Turare ya zo da ƙorafi. Wai an ɓata kaya, mace mai yatsa huɗu wa zai rataye ta? Kuma wai Ɗan Ofis ya kafe, ba lamba, ba sa hannun Malam, a rubuta a bayan kowanne cewa bugu na biyu ne. Na ce otal ba sa ƙirga yatsu, ya je ya sayar, jinya na jira. Ya dubi hannuna. Na ɗaga masa shi sosai, na juya gaba da baya, na tambaye shi ko yana so ya ɗauka a waya.

Su rataye ta a banki. Ban san ta ba.

Na kai wa Mai Firam guntun. Ya sa tabarau, ya cire, ya sake sawa.

"Hajjaju, me zan yi da wannan? Sakace?"

Na ce firam nake so, na katako mai kyau, farin kwali a ciki, gilashi marar ƙyalli, girmansa daidai da sauran gawawwakin. In ya gama ya taho da guduma da ƙusa biyu, don akwai hoton da zai fito daga bayan ƙofa ya koma falo, wannan a ƙarƙashinsa. A falona, ba a banki ba. Wanda ya shigo gidana ya gani, ya sha shayi ya haɗiye.

"Duk wannan fili don ɗan abin nan? In baƙi suka tambaya mene ne fa?"

Na ce zan nuna musu, da wannan yatsan.

Na bar wa Auta makulli. An ce labulen ya hau tagar amma a karkace, Ɗan Ofis ne ya rataye shi, dole in je in gyara. Gobe ma haka, don labule irin wannan ba a gama gyara shi rana ɗaya.

Kasuwa ta jira.